Yadda Za Ku Zaɓi Buɗaɗɗiyar Manhajar Bincike Don Shafin Laburare da Intanet Ɗin Cikin Gida

Mai karatu ya shiga shafin laburare, ya rubuta "lokacin rufewa" a akwatin bincike, sai aka jero masa rahoton shekara-shekara na shekaru bakwai da suka wuce. A ofishin baya kuma wata ma'aikaciya tana neman sabuwar ƙa'idar ba da aron littafi. Ta san takardar tana cikin intanet ɗin cikin gida, wato shafuka da fayilolin da ma'aikata kaɗai ke shiga, ta nema ta rasa, sai ta tashi ta je ta tambayi abokiyar aikinta. Duk laburaren da haka ke faruwa a cikinsa, akwatin bincikensa ya zama ado kawai, kuma abin da ciwo, domin nemo wa mutane abin da suke buƙata shi ne ainihin sana'ar gidan.

Da an zauna gyara, tambayar da ake fara yi ita ce: "Solr za mu ɗauka ko Elasticsearch?" Waɗannan injinan bincike ne guda biyu da aka fi sani cikin buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda aka bar tushen rubutunsu a fili kowa ya gani ya yi amfani da shi. Ni dai shawarata ku ajiye wannan tambaya sai can gaba. Su biyun a kan tushe ɗaya aka gina su, wato Apache Lucene da Doug Cutting ya fara rubutawa a 1999, kuma ga yawan takardun da laburare ke da shi kowannensu zai ɗauki kayan ba tare da ya yi nishi ba. Inda aiki ke lalacewa wurare uku ne: yadda ake kwaso takardu a zuba cikin injin, yadda ake hana wanda bai kamata ba ganin na sirri, da kuma wanda zai riƙa kula da abin bayan an kafa shi. A kan waɗannan za ku auna kowace manhaja.

Mataki na ɗaya: ku ƙirga kayanku

Ku ɗauki takarda ku rubuta kowane wuri da bayanai ke zaune. Yawanci za ku samu shafukan intanet na jama'a, da fayilolin PDF da Word da Excel da ke warwatse a manyan jakunkunan da ma'aikata ke tarayya a kansu, da shafukan cikin gida, da katalog ɗin littattafai, wani lokaci da rumbun kundayen digiri da maƙaloli. A gaban kowanne ku rubuta abu huɗu: nawa ne adadinsu, sau nawa suke canzawa, da wane harshe aka rubuta su, wa aka yarda ya gani. Kada ku yi kirdado. Ku buɗe jakunkunan ku ƙirga.

A nan za ku lura cewa wasu kayan tuni suna da nasu injin. Koha, manhajar sarrafa katalog da aron littattafai, wadda aka fara rubutawa a 1999 don wani laburare a New Zealand, tana bincike da Zebra ko da Elasticsearch. DSpace, manhajar adana kundayen digiri da maƙaloli da jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, tana zuwa da Solr a cikinta. Saboda haka ku yanke hukunci tun yanzu: akwati ɗaya kuke so ya haɗe komai, ko kuwa za ku bar katalog da nasa binciken ku gyara na shafuka da fayiloli kaɗai? Na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ga laburare da yawa ya wadatar. In kun nace sai an haɗe, to kada ku saki manhajar kwaso shafuka cikin katalog. Kowane danna matata, wato maɓallin rage sakamako ta shekara ko marubuci, yana haifar da sabon adireshi, za ta yi ta yawo ba iyaka har ta gajiyar da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da katalog ɗin. Hanyar da aka tanada ita ce ku jawo bayanan ta OAI-PMH, ƙa'idar musayar bayanan katalog tsakanin manhajoji, ko ku fitar da su a tsarin MARC 21, tsarin da laburare ke rubuta bayanan littattafai da shi, ku zuba kai tsaye.

Mataki na biyu: ku san sassan da abin ya ƙunsa

Abin da muke kira "injin bincike" sassa huɗu ne, kuma ba kowace manhaja ce ke ba ku duka ba.

Akwai mai kwaso, wato manhajar da ke bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi, ko ta shiga jakunkuna, tana tattaro takardu. Akwai mai tsamo rubutu, wadda ke buɗe PDF ko Word ta fitar da kalmomin da ke ciki. Apache Tika ce aka fi sani da wannan aiki. Sai fihirisa, inda ake jera kowace kalma tare da takardun da ta fito a ciki, kamar dai fihirisar da ke ƙarshen littafi, tare da lissafin da ke tantance wace takarda za ta zo sama. Lucene ta koma amfani da lissafin BM25 a matsayin na asali tun 2016. Na ƙarshe shi ne fuskar da mai karatu ke gani: akwati, jerin sakamako, da matatun rage sakamako ta shekara ko marubuci ko nau'in takarda.

Solr, Elasticsearch da OpenSearch fihirisa ne masu ƙarfin gaske, amma ba sa yawo su kwaso muku shafuka, kuma ba sa zuwa da fuskar da za ku miƙa wa jama'a. Sai kun haɗa su da masu kwaso irin su Apache Nutch ko StormCrawler, sannan wani ya rubuta fuskar. Wannan shi ne abin da ke ba mutane mamaki bayan sun riga sun girka: injin yana aiki, amma babu kome a cikinsa. Meilisearch da Typesense sun fi su sauƙin kafawa, suna da sauri, suna yafe wa mai bincike kuskuren rubutu tun daga farko, sai dai su ma suna jiran a ciyar da su bayanai a tsare.

Sannan akwai waɗanda suka haɗa sassan wuri guda. Fess, wadda aka ƙera a Japan, tana zuwa da mai kwaso shafuka da fayiloli, da shafin gudanarwa, da fuskar bincike, tana amfani da OpenSearch a ƙarƙashi. YaCy tana da yanayin aiki na cikin gida zalla. Xapian tare da Omega ƙarama ce, ba ta buƙatar Java, harshen manhaja da aka gina su Solr da shi, tana jin daɗin zama a kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi. Idan shafinku tsayayyun shafuka ne da ba sa fitowa daga rumbun bayanai, Pagefind tana gina fihirisa ta ajiye a matsayin fayiloli, binciken ya gudana a burauzar mai karatu, babu sabar bincike da za a kula da ita kwata-kwata. Na ɓangaren laburare kuma akwai VuFind daga jami'ar Villanova da Blacklight da aka fara a jami'ar Virginia, duka biyun fuska ne a kan Solr, an yi su ne musamman don bayanan katalog.

Mataki na uku: ku raba na waje da na ciki

A nan nake so ku tsaya ku daɗe, domin kuskure a nan ba ya gyaruwa da ban haƙuri.

Intanet ɗin cikin gida yana ɗauke da abubuwan da ba na jama'a ba: bayanan taron shugabanni, kimanta aikin ma'aikata, yarjejeniyar kuɗi da masu sayar da mujallu, wani lokaci har sunayen masu aro da abin da suka ara, wanda sirri ne da laburare ke da alhakin karewa. Mai kwaso yana shiga ne da wani asusu, kuma duk abin da asusun nan ke iya buɗewa zai kwafe shi cikin fihirisa. Da zarar ya shiga fihirisa, makullin da ke kan fayil ɗin na asali ba ya kare shi. Mutum zai danna mahaɗin a ce masa ba shi da izini, amma take da ɗan gutsuren rubutun da ke ƙarƙashin sakamakon sun riga sun nuna masa sunan wanda ake magana a kai da jimla biyu daga ciki. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Hanya mafi aminci ita ce fihirisa biyu dabam. Ɗaya na jama'a, wanda mai kwaso ke cikawa ba tare da wata kalmar sirri ba, yana ganin daidai abin da baƙo zai gani. Ɗaya na ma'aikata, yana zaune bayan katangar tsaro, ba a isa gare shi sai an shiga da asusun aiki. Ma'aikaci yana iya bincika duka biyun. Baƙo kuwa babu ma hanyar da tambayarsa za ta bi ta isa na ciki. Na san akwai jarabar a zuba komai wuri ɗaya a sa alamar "na ciki" a kan wasu takardu a riƙa tacewa. Yana aiki, har zuwa ranar da wani ya gyara fuskar binciken ya manta da layin tacewar.

Ko a cikin gida ma ba kowa ke ganin komai ba. Idan sashen kuɗi yana da jakunkunan da sauran ma'aikata ba sa buɗewa, kuna da zaɓi biyu. Ko dai ku bar waɗannan jakunkuna gaba ɗaya a waje, wanda shi nake ba da shawara ga duk mai farawa, ko ku nemi manhajar da ke kwaso izini tare da takarda, ta haɗu da LDAP ko Active Directory, wato tsarin da ke riƙe da asusun ma'aikata, ta san ƙungiyar da kowane mai bincike yake ciki. Fess tana da bincike bisa matsayin mai amfani, Apache ManifoldCF kuma don wannan aikin aka ƙirƙire ta. Sai dai ku tambayi kanku: idan aka cire wa mutum izini yau da safe, yaushe fihirisa za ta sani? In sai an sake kwaso da daddare, to akwai sa'o'i da ƙofar take buɗe, kuma ya kamata shugabanni su san da haka kafin a ƙaddamar.

Mataki na huɗu: lasisi da lafiyar manhajar

"Buɗaɗɗe" ba ya nufin abu zai dawwama a yadda kuka same shi. A Janairun 2021 kamfanin Elastic ya janye Elasticsearch daga lasisin Apache 2.0, daga fitowa ta 7.11, ya koma wasu lasisi biyu masu ƙarin sharuɗɗa. Amazon ta ɗauki fitowa ta 7.10.2 ta ci gaba da ita da sunan OpenSearch. A 2024 Elastic ya ƙara lasisin AGPL cikin zaɓin, OpenSearch kuma ta koma ƙarƙashin Linux Foundation. Ga laburaren da ke girkawa don amfanin kansa, waɗannan sauye-sauye ba su hana shi kome ba, amma sun nuna muhimmancin sanin wa ke riƙe da linzamin manhaja: kamfani ɗaya ne, ko gidauniya mai masu hannu da yawa. Solr, da Yonik Seeley ya rubuta a CNET a 2004 aka miƙa wa gidauniyar Apache a 2006, tana nan kan lasisinta na asali. Na kuɗi ma ba su tsira ba: Google ta sanar a 2016 cewa za ta daina sayar da Google Search Appliance, hukumomin da suka dogara da shi suka shiga neman mafita.

Lafiyar manhaja kuwa minti goma ya isa a duba. Ku je shafin da ake ajiye tushen rubutunta ku ga yaushe aka yi fitowa ta ƙarshe, mutum nawa ke aiki a kanta, ana amsa masu kawo rahoton matsala ko an bar su. Tsoffin jagorori za su nuna muku ht://Dig da Swish-e. Sun yi wa laburare da yawa hidima a zamaninsu, amma an daɗe da daina kula da su, kada ku ɗora sabon gini a kansu.

Mataki na biyar: ku tankaɗe zuwa biyu ko uku

Ma'aunin a nan shi ne mutanen da kuke da su. Idan babu mai rubuta manhaja a gidan, akwai dai mai kula da kwamfutoci mutum ɗaya da ayyuka suka yi masa yawa, ku duba Fess don cikin gida, da Pagefind ko binciken da ke cikin manhajar sarrafa shafinku don waje. Idan kun riga kuna da DSpace ko VuFind, to akwai wanda ya san Solr a cikinku, kuma wannan sanin ya fi duk wata ƙaramar fifiko da wani injin zai nuna. Drupal, manhajar sarrafa shafuka, ita ma tana da hanyar haɗuwa da Solr ta Search API. Idan Koha ɗinku tana kan Elasticsearch, wannan hujjar ce kuma za ta sa ku ɗauki Elasticsearch. Meilisearch da Typesense sun dace da wanda ke da mai rubuta manhaja kuma yana son sakamako ya riƙa fitowa tun ana cikin bugawa.

Kada girma ya ruɗe ku. Takardu dubu hamsin ko dubu ɗari ƙaramin kaya ne a wurin waɗannan injina, sabar ɗaya ta isa. Tsarin saba da yawa irin SolrCloud yana jawo ƙarin abubuwan kulawa da ba ku da buƙatarsu.

Mataki na shida: gwaji da kayanku, da tambayoyin mutanenku

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ku girka kome, ku tara tambayoyi hamsin na gaske. Ku ɗebo daga rajistar tsohon akwatin bincike in akwai, ku kuma tambayi masu zama a teburin amsa tambayoyi, domin su ne suka san kalmomin da mutane ke amfani da su, waɗanda sau da yawa sun sha bamban da na ma'aikata. A gaban kowace tambaya ku rubuta takardar da ya kamata ta fito. Daga nan ku zuba takardu iri ɗaya, kamar dubu biyu, cikin kowace manhaja, ku bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya kuna ƙirga sau nawa amsar ta fito cikin ukun farko. Wannan adadi shi ne zai raba gardama a ɗakin taro.

Ku sa wa samfurin takardu masu wahala da gangan. Na farko su ne PDF ɗin da aka yi sikanin. A ido rubutu ne, a wurin kwamfuta kuwa hoto ne, babu kalma ko ɗaya da za ta shiga fihirisa. Gwajin mai sauƙi ne: ku buɗe fayil ɗin ku yi ƙoƙarin kwafe jimla. In ta ƙi, sai an bi ta kansa da manhajar gane haruffa irin Tesseract, kuma OCRmyPDF tana saka rubutun da aka gane a bayan hoton ba tare da canza kamannin shafin ba. Aikin yana cin lokaci da ƙarfin kwamfuta, gara a yi shi sau ɗaya a ajiye da a maimaita shi duk dare. A tsoffin kundaye masu dusasshen tawada kurakurai za su yi yawa, don haka ku ƙara musu take da marubuci da shekara da hannu.

Na biyu shi ne harshe. Mai bincike da waya sau da yawa zai rubuta "kasa" alhali takardar ta ce "ƙasa", ko ya rubuta sunan Bafaranshe ba tare da alamar da ke kan wasali ba. Injinan da ke kan Lucene suna da matatar da ke mayar da irin su ƙ, ɗ, ɓ da é zuwa haruffa marasa lanƙwasa, kuma ana iya umartar ta ta ajiye asalin kalmar tare da sauƙaƙaƙƙiyar. Ku yi amfani da wannan zaɓi, ku ba asalin ƙarin nauyi, domin "ƙasa" da "kasa" kalmomi biyu ne masu ma'ana dabam, wanda ya bugo daidai ya cancanci ya ga nasa a sama. Akwai kuma batun jam'i da tilo. Ga Ingilishi, Faransanci da Larabci akwai shirye-shiryen da ke mayar da kalma ga saiwarta. Ga harsuna da yawa babu, kuma injin ba zai san "littafi" da "littattafai" 'yan gida ɗaya ba ne sai kun gaya masa a fayil ɗin kalmomi masu ma'ana ɗaya. A wannan fayil ɗin ne kuma za ku haɗa gajerun sunayen sassa da cikakkunsu, da tsohon sunan wani fom da sabonsa. Kada ku yarda a shafa ƙa'idar Ingilishi a kan rubutun wani harshe, tana yanke wutsiyar kalmomi inda bai kamata ba.

Na uku, ku goge takarda ɗaya daga shafin, ku canza wata, ku ga kwana nawa fihirisa ke ɗauka kafin ta lura. Tsohuwar ƙa'ida da ke fitowa sama da sabuwa ta fi rashin sakamako illa, domin ma'aikaci zai yi aiki da ita yana ganin daidai yake.

Na huɗu, ku shiga da asusun ma'aikaci mafi ƙarancin izini, ku nemi wata kalma da kuka san tana cikin takardar sirri kaɗai. Ku sake nema daga wayar da ba ta kan layin ofis. In ko gutsure ya fito, an tsaya ke nan sai an gyara.

Mataki na bakwai: kafawa da kulawa

Kada ku taɓa buɗe injin kai tsaye ga intanet. Solr tana sauraro a ƙofa ta 8983, wato lambar mashigar da ake tuntuɓarta ta cikinta a saba, Elasticsearch da OpenSearch a 9200, kuma wanda ya isa waɗannan ƙofofi ba tare da shamaki ba yana iya karantawa, yana iya gogewa. A 2020 wani hari da aka yi wa laƙabi da Meow ya share dubban rumbunan bayanai da aka bari a buɗe, da yawansu na Elasticsearch. Sababbin fitowa sun ƙara tsaro tun daga girkawa, amma ƙa'idar tana nan: mai karatu yana magana da fuskar shafinku, ita kaɗai ke magana da injin. A Disambar 2021 kuma ɓarakar tsaro da aka gano a Log4j, wani ɓangare da manhajojin Java da yawa ke amfani da shi, ta tilasta wa masu manhajojin Java, har da Solr, yin gyara cikin gaggawa. Ku rubuta sunan mutumin da zai riƙa bin sanarwar tsaro, da sunan wanda zai tsaya masa in ba ya nan.

Ga injinan Java, kada ku ba su fiye da rabin RAM ɗin sabar, wato ƙwaƙwalwarta ta aiki, ragowar tsarin aiki ne ke amfani da shi wajen riƙe fayilolin fihirisa kusa. Ku samar da sitemap.xml, wato fayil mai jera adireshin shafukanku, don mai kwaso ya san abin da ya canza, ku hana shi shiga kalanda da shafukan sakamakon bincike. Ku gyara taken shafukanku: in shafuka ɗari biyu duk suna ɗauke da sunan laburaren kawai a matsayin take, babu injin da zai iya bambanta su. Tambayoyi goma da aka fi yawan yi, irin lokacin buɗewa, sabunta aro da neman katin zama mamba, ku ɗaure kowace da shafinta da hannu. Solr tana da sashen ɗaga sakamako don haka.

Abin da ya fi cancantar kwafin ajiya shi ne saitunanku, da fayil ɗin kalmomi, da jerin wuraren kwaso, domin fihirisa ana iya sake gina ta daga takardun asali. Ku gwada sake ginin sau ɗaya tun kafin ƙaddamarwa, ku rubuta matakan da sa'o'in da ya ɗauka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Rajistar abin da mutane ke nema tana da amfani matuƙa, amma ita ma sirrin masu karatu ce. Ku ajiye kalmomin, ku zubar da adireshin kwamfuta da sunan mai nema, ku sa wa'adin da za a riƙa gogewa. Sau ɗaya a wata, mutum ɗaya daga teburin amsa tambayoyi ya zauna da jerin binciken da bai ba da sakamako ba. Wasu kuskuren rubutu ne, wasu kalmomi ne da za a ƙara a fayil ɗin ma'ana ɗaya, wasu kuma shafuka ne da mutane ke nema amma ba a taɓa rubuta su ba, sai a miƙa wa mai kula da shafin ya rubuta. Bayan kowane sabuntawa ko canjin saiti, ku sake bin tambayoyin nan hamsin, ku kwatanta adadin da na watan jiya kafin ku saki canjin ga jama'a.